Canza Bawul a Amfilifaya: Mita Kafin Kunne

Duk wanda ya mallaki amfilifaya mai bawul, ba ya daɗewa ƙaiƙayin canje-canje yake kama shi. Taransista a liƙe take da dalma, sai mai gyara. Shi kuwa bawul, wato kwalbar gilas ɗin nan da aka zuƙe iskar cikinta, a soket yake zaune: ka zare wannan, ka cusa wancan, sauti ya sauya. Bambancin na gaske ne a wasu gurabe. Amma a nan Jos ana yawan fara abin a baibai: a sayi bawul mai tsada, a cusa, a kasa kunne. Ni a wajena mita ce gaba, kunne na biye, domin da yawa daga abin da ake cewa "wannan ya fi zaƙi" ba daga bawul ɗin yake fitowa ba.

A fara da lambar da ke jikin gilas. Bawul ɗaya yakan zo da suna biyu, na Amurka da na Turai. 12AX7 shi ne ECC83, 12AT7 shi ne ECC81, 12AU7 kuma ECC82. Dukansu ƙafafu tara ne, jerin ƙafafun iri ɗaya, hitarsu (wayar da ke ɗumama cikin bawul) ma iri ɗaya, don haka kowanne zai shiga gurbin ɗan'uwansa ya kama wuta. Shiga soket kuwa ba shi ne dacewa ba. 12AX7 yana ninka sigina har sau 100, 12AT7 sau 60, 12AU7 bai wuce 20 ba, kuma yana jan wuta fiye da 12AX7 nesa ba kusa ba. Idan ka sa shi a inda aka tsara wa 12AX7, sauti zai yi ƙasa, wutar da ke kan farantin bawul (ƙarfen cikinsa da ke ɗauke da babbar wuta) ta faɗi daga inda mai zanen ya ajiye ta. Wanda yake ganin amfilifayarsa ta cika kaifi, da zarar ya ɗan taɓa maɓallin murya ta yi tsalle, 5751 ya fi masa: ninkinsa 70 ne, halinsa kuma kusa da na 12AX7.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne 6DJ8, wato ECC88, da ƙaninsa mai ƙwari 6922. Su ma ƙafafu tara ne, amma an ɗaura hitarsu daban, bolt 6.3 kawai take karɓa. Haka 6N2P na Rasha: a wajen aiki ɗan'uwan 12AX7 ne, a wajen hita kuwa ba ya shiga gurbinsa sai an sake waya a soket. Harafin farko na lambar Turai yana gaya maka hitar: E bolt 6.3 ne, G bolt 5, P da U kuma na talabijin da rediyo ne da ake jera hitocinsu a layi ɗaya. Saboda haka in ka tsinci tsohuwar rediyon Philips ko Grundig a ɗakin ajiya, ECC83 ko EL84 da ke ciki abin dubawa ne, amma UL84 ba EL84 ba ne, komai kamarsu.

Manyan bawul, inda ake ƙona taransifoma

Ƙananan bawul ba su cika yin ɓarna ba. Manyan da ke tura lasifika su ne ke da haɗari, kuma abu biyu ake dubawa kafin a taɓa su: wutar da hita ke ci, da bayas.

6L6GC hitarsa tana cin amfiya 0.9, KT66 kusan 1.3, EL34 1.5, KT88 da 6550 kuma 1.6. Ka ɗauki amfilifayar da aka yi wa 6L6GC guda huɗu: amfiya 3.6 ke nan. Ka zuba mata EL34 huɗu, ta koma amfiya 6. Taransifomar ba za ta yi ƙara ba, zafi kawai za ta riƙa ɗauka, har ranar da za ka ji warin fenti na ƙonewa, kuma naɗa taransifomar amfilifaya yadda ya kamata ba ƙaramin kuɗi ba ne. Akwai kuma ƙafa ta 1. A EL34 tana haɗe da raga ta uku, ɗaya daga cikin siraran wayoyin da ke cikin bawul, dole a ɗaure ta da ƙafa ta 8 ko da wayar ƙasa (girawun). A amfilifayar 6L6 kuwa, masu haɗawa sukan mayar da gurbin ƙafa ta 1 wurin rataye wani rasisto, tunda 6L6GC ba ya amfani da ita. Sai an buɗe an gani.

Bayas shi ne yawan wutar da bawul ke ja yana zaune, ba kiɗa. Wasu amfilifayoyi, irin su Quad II da Leak Stereo 20, rasisto ne a katod (sashen da hita ke ɗumamawa) yake daidaita musu, ka cusa bawul masu daidaito ka ci gaba. Wasu kuwa, irin Dynaco ST-70 ta 1959, da hannu ake saitawa, kuma duk lokacin da aka canza manyan bawul sai an sake. Ita ST-70 bolt 1.56 ake nema a kan rasisto mai om 15.6, wato miliamfiya (mA) 100 ga bawul biyu, 50 kowanne.

In babu takardar kamfani, ga lissafin da ake bi wa manyan bawul masu aiki karɓa-karɓa bibbiyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Farantin EL34 yana jure wat 25. Ana ajiye shi tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, wato wat 15 zuwa 17.5. Idan wutar faranti bolt 430 ce, ka raba: mA 35 zuwa 40. Da rasisto mai om 10 a katod, mita za ta nuna bolt 0.35 zuwa 0.40. Ga EL84 iyakar wat 12 ce, ga 6L6GC wat 30. Kafin ka kunna da sababbin bawul, ka juya maɓallin bayas zuwa inda wuta ta fi ƙaranci, ka ɗaga a hankali, ka sake aunawa bayan minti 20, sannan bayan awa ɗaya, sannan bayan mako guda, domin sabon bawul yana ɗan gusawa. Na fi son kashi 60 zuwa 65 a garin nan, kuma dalilin shi ne wutar gari.

A takarda bolt 230 ne wutarmu. A zahiri unguwa da unguwa sun bambanta, dare da rana ma haka, ga kuma janareta da inbata. Amfilifayoyin China da yawa an naɗa musu taransifoma ne don bolt 220. In wuta ta hau 240, hitar da ya kamata ta sami 6.3 sai ta sami kusan 6.9, wutar faranti ma ta hau da kusan kashi 9 cikin ɗari, bayas ɗin da ka saita da yamma lokacin da wuta ta yi sanyi ya zama ya wuce kima da tsakar dare. Ana son hita ta zauna tsakanin 6.0 da 6.6. Wanda ya kwatanta bawul ɗaya da wutar gari, ɗayan da janareta, wutar ya kwatanta, ba bawul ba. Sitabilaiza mai sarbo, wadda ke daidaita wuta a hankali, ta fi mai rilé dacewa, domin mai rilé tsalle take yi, kana jin ƙas a lasifika. Amfilifayar da ta fito daga Amurka kuma bolt 120 take so, da taransifomar rage wuta mai yalwa, kuma za ta fi zafi a kan hez 50 namu. Da damina, in hadari ya haɗo a kan tsaunukan nan, a zare filogi gaba ɗaya.

Rektifaya, wato bawul ɗin da ke mayar da wutar gari miƙaƙƙiyar wuta (DC), shi ma ana canza shi. GZ34, wato 5AR4, hitarsa amfiya 1.9 ce, yana tashi a hankali, kuma wutar da yake zubarwa kaɗan ce. 5U4G amfiya 3 yake ci, yana zubar da wuta mai yawa, sai sauti ya yi laushi. Daga GZ34 zuwa 5U4G, taransifoma ce a cikin haɗari. Daga 5U4G zuwa GZ34, kafasito ne, domin wuta za ta hau da bolt ashirin ko talatin. Ta kowace fuska sai an sake bayas.

Yadda ake kwatantawa

Ka kashe, ka zare filogi, ka jira minti 15. Gilas ya huce, amma kafasito na iya riƙe wuta har bayan haka, kuma bolt 400 zuwa 500 da ke cikin akwatin nan kisa suke yi. Wanda bai saba ba kada ya buɗe ƙasan, ya kai wa mai gyaran da ya san bawul. Babban bawul a riƙe shi ta gindi, ba ta gilas ba, a ɗan jijjiga kaɗan ana ja sama. Masu ƙafa takwas suna da ɗan turke a tsakiya mai nuna hanya. In ya karye, bawul zai shiga a karkace ya ƙona abin da ya tarar. Ƙurar hunturu tana cika ramukan soket, sai a riƙa jin ƙaraf-ƙaraf a ɗora wa bawul laifi. A fesa maganin wanke soket a ƙafafun, a cusa a zare sau uku. Kuma kada a taɓa kunna amfilifaya mai bawul babu lasifika a haɗe: taransifomar fitar da sauti ce za ta tafi.

Gurbi ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a fara da ƙaramin bawul na farko, wanda sigina ke fara shiga. Duk abin da ya yi, na bayansa ninkawa suke yi, shi ya sa kuɗin da aka kashe a nan ya fi fitowa a kunne. A gurbin fono na masu sauraron faifai, shirunsa ya fi komai muhimmanci. Amfilifayar da ke da fidbak mai yawa kuwa, wato wadda ke mayar da sashen siginar da ta fita zuwa baya don gyara kanta, tana shafe bambancin, komai tsadar bawul.

Sai babban abin: daidaita ƙarfin murya. Kunne yana zaɓar wanda ya fi ƙara ko da da desibel ɗaya ne, ya ce ya fi fili, ya fi nauyi. Ka sa sautin gwaji na hez 400 daga waya, ka auna a bakin wayoyin lasifika, ka saita bolt 1.00. Ka canza bawul, ka bar shi ya ɗumama minti 20, ka mayar da shi 1.00 daidai, kada ya kauce da fiye da 0.01. Ka zaɓi gutsure uku da ka sani kamar yunwar cikinka: muryar mace ita kaɗai, kalangu don jin yadda bugu ke tsayawa, da goge ko kukuma don kaifin sama. In da hali, wani ya canza maka ba ka gani. Bawul ɗin da ya tsira daga wannan gwaji shi ya cancanci kuɗinsa.

Wajen saye, sababbi suna fitowa ne daga JJ a Sulobakiya, da masana'antar Saratov a Rasha mai yin Electro-Harmonix, Sovtek da Tung-Sol da Mullard na yanzu, sai na China irin su Psvane. Mullard ɗin da ke cikin sabon kwali ba shi ne na Blackburn a Ingila ba, suna ne aka saya. Tsofaffin ajiya da ake kira NOS suna da jabu da yawa, domin fenti kowa na iya bugawa. Telefunken na asali yana da alamar lu'u-lu'u a cikin gilas tsakanin ƙafafu, na Blackburn kuma yana da lambar da aka ƙona a gilas mai harafin B. Manyan bawul a saye su bibbiyu ko hurhuɗu da aka gwada suka yi daidai, da lambobin gwajin a jikin kwali, kuma a sa ran za su yi awa dubu biyu zuwa uku.

Fentin azurfa da ke cikin gilas in ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. Hasken shuɗi a jikin gilas ba komai ba ne. Ɗan ƙwanƙwasa da fensir ya fito a lasifika kamar ƙararrawa, wannan bai dace da gurbin farko ba, a mayar da shi baya. Faranti kuwa in ya fara ja kamar garwashi, a kashe nan take, kada a sake kunnawa sai an duba wutar bayas a ƙafa ta 5 (ga masu ƙafa takwas irin su EL34 da 6L6GC) da kafasiton da ke kawo mata sigina.