Jan bulon da na jera a saman tagogin gidana

Ni dai gaskiya linta tsirara a saman taga ba ta taɓa burge ni ba, shi ya sa da ginina na Fadamar Mada a Bauchi ya kai linta na ce wa maginin ina so a jera min jan bulo a tsaye saman ƙofa da tagogi, irin bakan nan da ba ya lanƙwasa, miƙe yake sambal.

Dattijo ne, sai ya ce Alhaji linta dai dole a zuba ta, rodi da kankare, ita za ta ɗau nauyin ginin sama, wannan ado ne a fuska. Sai muka ja ta ciki kaɗan aka bar wa bulon wurin zama.

Wallahi aikin igiyar ne ya fi burge ni. Ya kafa ƙusa jikin katako a tsakiyar tagar can ƙasa ya ɗaura igiya, duk bulon da zai ɗora sai ya ja igiyar ya saita shi da ita, to kun ga na gefe sun kishingiɗa, na tsakiya ya tsaya cak, kuma kowanne an yanke shi da giranda sama faɗi ƙasa tsukakke. Daga gefe biyu ake tasowa, adadin kuma mara ne don guda ɗaya ya faɗo daidai tsakiya ya kulle sauran. Masu zana layi a filasta kawai su shafa jan fenti, nan suke faɗuwa, layukan duk a tsaye, daga titi ma ka san na bogi ne.

Katakon da aka tokare daga ƙasa ma ya ɗan ɗaga tsakiyarsa, kamar milimita 3 a duk ƙafa ɗaya na faɗin tagar, domin in ya miƙe ɗari bisa ɗari ido sai ya ga kamar ya lotsa. Mu mutanen Bauchi da muke da ginin Babban Gwani, shahararren maginin nan na da, a Kafin Madaki ai bai kamata irin wannan lura ta zame mana baƙuwa ba.

A jiƙa bulon kafin a ɗora, jan bulo akwai shan ruwa, zai tsotse na simintin musamman da hunturu. Kuma kar a yi gaggawar cire katakon, mu mun bar shi sama da sati muna ban ruwa safe da yamma.

Kuɗin aiki ya ƙaru kam, yankan ke cin lokaci, don haka fuskar gida kawai na yi, tagogin baya filasta aka shafe su da ita.