Rigar nan ta 2015 da maganar wai ido ba ya ƙarya

A ƙarshen Fabrairun 2015 aka saka hoton wata riga a shafin sada zumunta na Tumblr, rigar da wata uwar amarya ta saya don bikin ɗiyarta a Scotland, kafin kace me duniya ta rabu biyu. Wasu sun rantse fara ce da ruwan gwal, wasu kuma sunce kai ku ji tsoron Allah, bulu ce da baƙi. Waya ɗaya hoto ɗaya, mutum biyu na zaune kan tabarma ɗaya amma kowa na yiwa ɗan uwansa kallon mai ciwon ido. Daga baya kamfanin Roman Originals da ya ɗinka rigar ya fito yace bulu da baƙi ce, amma fa waɗanda suka ga fari ko bayan sun ji haka idonsu bai daina nuna musu fari ba, kuma nan ne abin ya fi ɗaure min kai.

Bayanin da masana suka bayar shine ƙwaƙwalwa bata karɓar kala yadda ta shigo ido, sai ta fara ƙiyasta wane irin haske ne ya bugi abin sannan ta cire shi. Hoton bai nuna hasken wurin sosai ba, toh wanda ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka rigar a inuwa take sai ta zare shuɗin ya ga fari da gwal, wanda tasa ta ɗauka hasken kwan lantarki ne mai ɗorawa-ɗorawa sai ta zare wannan ya ga bulu da baƙi. Wani malami a jami'ar New York, Pascal Wallisch, har ya gano a 2017 cewa masu sammako sun fi ganin fari da gwal fiye da masu raba dare, wai don sun fi sabawa da hasken rana. Duk macen da ta taɓa jan atamfa daga cikin shago a Kantin Kwari ta fito da ita bakin ƙofa don ta ga ainihin kalarta ta san wannan ilimin tun kafin a rubuta shi a jarida.

Kuma maganar tsohuwa ce. Imamu Gazali, wanda ya rasu 1111, a cikin littafinsa Munƙiz ya kawo yadda ya taɓa tuhumar ganinsa, yace zaka kalli inuwa ka ganta tsaye cak, bayan ɗan lokaci ka ga ta matsa, ashe tafiya take a hankali ido bai kama ba, ka kalli tauraro ka ganshi kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniyar nan girma. Kafin shi ma akwai Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen 965 wanda yayi aikinsa a Alƙahira, shi a littafinsa Kitabul Manazir cewa yayi haske da launi kaɗai ido ke karɓa, amma nisa da girma da gane cewa wancan mai tahowa wane ne, duk hukunci ne da hankali ke yankewa ta hanyar kwatanta abin da wanda ya saba gani, saidai da sauri yake yi har baka san anyi ba. Sai a 1867 wani masani Bajamushe mai suna Helmholtz ya sake faɗin kusan abu ɗaya, shi aka fi ambata a littattafan sanin halayyar ɗan Adam na yau, wanda ni dai a ganina an ɗan ci haƙƙin mutumin Basra.

Toh anan wasu ke zarcewa suce shikenan babu wata gaskiya a waje, kowa da tasa. Berkeley, wani bishop ɗan Ayalan, a 1710 ya kai maganar ƙarshe, yace samuwar abu ita ce a tsinkaye shi, abin da yasa bishiya bata ɓacewa in ka juya baya shine Ubangiji na ganinta kullum. Ni wannan bai shige ni ba gaskiya. Rigar nan tana da kala, an ɗinka ta da zare, wanda ya je shagon ya riƙe ta a hannu bazai ce fara ce ba. Shi yasa nake ganin James Gibson, Ba'amurken da yayi aiki kan ganin matuƙan jirgin sama lokacin yaƙin duniya na biyu, yana da hujja da yace yawancin ruɗin nan a hoto mara motsi ake samunsa, mutum kuwa a rayuwa yana matsawa, yana juya kai, yana leƙawa ta gefe, kuma in yayi haka hasken da kansa na ɗauke da isasshen bayani kan abin dake gabansa. Wato gani ya kori ji ɗin nan gaskiya ne, amma gani mai zagayawa, ba leƙe ɗaya ta fuskar waya ba.

Inda abin yake lalacewa shine in son rai ya shigo. A 1951 ƙungiyoyin jami'ar Princeton da Dartmouth sun buga wasan ƙwallon Amurka mai zafi, aka karya hancin tauraron Princeton, aka karya ƙafar wani ɗan Dartmouth. Malamai biyu, Hastorf da Cantril, suka nunawa ɗaliban makarantun biyu fim ɗin wasan, fim ɗaya fa, sukace kowa ya ƙirga ƙetar da ya gani. Yan Princeton suka ƙirgawa Dartmouth sama da ninki biyu na abin da suka ƙirgawa nasu, yan Dartmouth kuma suka ga kusan kunnen doki ne. An buga sakamakon a 1954. Babu alamar ƙarya suke yi, haka suka gani, kuma Lee Ross na jami'ar Stanford daga baya ya nuna cewa yawancinmu muna tafiya ne da tunanin ni dai abin da yake nan shi nake gani, don haka wanda ya saɓa min ko dai bai sani ba, ko bai da hankali, ko an saye shi.

Anan maganin Gibson baya aiki sosai, don ba rashin kusurwa bane matsalar. Je gidan kallon ƙwallo ranar da Madrid da Barcelona ke wasa ka gani, VAR, na'urar bidiyon dake taimakawa alƙalin wasa, zata maimaita faɗuwar ɗan wasa a cikin da'ira ta gaba ta baya ta sama, a hankali a hankali, rabin ɗakin na ihun fenariti rabi na cewa wallahi ko taɓa shi ba'a yi ba, kuma in ka sauya musu rigunan yan wasan biyu ina da yaƙinin ihun ma zai sauya gefe.