Yau muka tada riyakta a ɗakin kwaikwayo

Laraba, da dare.

Yau rukuninmu ya shiga ɗakin kwaikwayo. An shirya shi tamkar ɗakin sarrafa riyakta na gaske, wato na'urar da ke samar da makamashin nukiliya, alluna da maɓallai da ƙararrawa duk iri ɗaya, sai dai kwamfuta ce a bayansa a maimakon yuraniyom. Aikinmu mu tada riyaktar da aka kashe, mu kai ta matakin daidaito, inda kowace tsagewar ƙwayar zarra ke haifar da wata guda ɗaya, ba ƙari ba ragi, ta hanyar nutiron, 'yan ƙananan ƙwayoyin da tsagewar ke fitarwa.

Kafin a taɓa komai, Malam ya sa kowa ya lissafa tsayin da za a zaro sandunan sarrafawa, waɗanda ke haɗiye nutiron, kafin a isa wannan mataki. Lissafin ya haɗa da zafin ruwa, da yawan boron da aka narkar a cikinsa don haɗiye nutiron, da tsufan man riyaktar, wato yuraniyom ɗin, sannan zenon-135, wani sinadari da ke taruwa a cikin man. Zenon ɗin ne ya fi cin lokaci, kuma ya cancanta. Yana haɗiye nutiron sosai, kuma ko an kashe riyakta aidin-135, wani sinadarin da tsagewar ke bari, na ci gaba da rikiɗewa zuwa gare shi, har ya kai ƙololuwa wajen awa 10 bayan kashewa, daga nan ya riƙa raguwa. Wanda bai san awa nawa riyaktarsa ta yi a kashe ba, bai san abin da zai tarar ba. A haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, taruwar zenon na cikin abin da ya sa aka zare kusan dukkan sandunan.

Ni aka ba jan sanduna. A ja kaɗan, a tsaya, a jira. Ko riyakta na kashe akwai ɗan tushen nutiron a cikinta, don kada na'urar ƙidaya ta zauna a makance, kuma ana jin ƙidayar ta lasifika, ƙas, ƙas, ƙas. Duk jan da na yi sai ƙarar ta ƙaru, ta hau, can ta tsaya wuri ɗaya. Tsayawar nan ita ce shaidar ba mu isa ba tukuna: man yana ninka nutiron ɗin da tushen ke bayarwa, amma bai iya riƙe kansa ba.

Abokiyar aikina na gefe da takardar zane. Tana raba ƙidayar farko da sabuwar ƙidaya, ta sa ɗigo, ta ja layi ta ga inda zai taɓa sifiri. Nan ne hasashen daidaito, kuma kowane sabon ɗigo yana gyara shi. Akwai kuma ƙa'idar da ake riƙewa a ka: duk lokacin da ƙidaya ta ninka biyu, an ci rabin tazarar da ta rage.

Abin da ya fi kama ni shi ne jiran. Da farko ƙidayar kan tsaya cikin 'yan daƙiƙu. Da muka matso sai ta riƙa daɗewa tana hawa, kamar ruwan da ake zubawa a tulu mai ƙaramin baki, sai an dakata kafin a san inda ya kai. Malam yana bayana ya ce, "Malam, bar hannunka a ƙasa, ba ta gama ba ka amsa ba." Mai ja kafin ƙidaya ta zauna yana aiki ne da labarin da ya riga ya wuce.

Sai aka zo wani ja da ƙidayar ba ta tsaya ba. Sanduna a tsaye, ita kuwa tana ta hawa da sauri iri ɗaya, ba ta lanƙwasa. Babu ƙararrawar da ke sanar da wannan, mai aiki ne zai gane ya furta. Na furta, aka rubuta lokaci da tsayin sanduna da zafin ruwa da boron. Tsayin ya faɗa cikin iyakar lissafinmu. Da ya kauce sosai, ƙa'ida ita ce a mayar da sanduna a nemo dalili.

Har yanzu ina mamakin abin da ke ba ɗan Adam sararin yin wannan aiki da hannu. A yuraniyom-235, kusan kashi 0.65 cikin 100 na nutiron ba sa fitowa nan take, sai daga baya, daga gutsattsarin da tsagewar ta bari. Wasu cikin ƙasa da daƙiƙa, na buromin-87 kuwa rabinsu sai bayan daƙiƙa 55. Na nan take ba sa kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa kafin su haifi na gaba. Muddin riyakta na buƙatar masu jinkirin kafin ta cika daidaito, takan tafi da saurin da ido ke iya bi. Idan aka zarce har na nan take suka ishe ta, babu hannun da zai cim mata. Haka ta faru da riyaktar SL-1 a Idaho ta Amurka a Janairun 1961, da aka ja sandar tsakiya da hannu fiye da kima, mutum uku suka rasu.

Gobe za mu ɗaga ƙarfi har ruwa ya fara ɗumi, inda zafin kansa ke soma danne riyaktar. Zan sake bin lissafin wannan kafin in kwanta.