Kafin Ka Sayi Katako Mai Kabon, Ƙanina

Wani yaro da bai cika shekara biyu da fara ƙwallon tebur ba ya miƙo min wayarsa, yana nuna min hoton katakon bat da yake shirin saye. An buga masa OFF+, wato alamar katako mafi gudu, kaurinsa ya kai milimita 7, falle uku na itace da biyu na kabon zalla. Na tambaye shi dalili, ya ce ai shi mai kai hari ne. Amsar da na taɓa ba kaina ke nan, kuma na ji jiki.

Kuskurena shi ne na ɗauka gudun ƙwallo shi ne hari. Harin wannan wasa murzawa ce. Ka shafi saman ƙwallo, robar da ke manne a bat ta kama ta, ta tashi tana juyi, ta lanƙwasa ta faɗo a ƙarshen tebur. Wannan sai ƙwallo ta ɗan jima a kan bat, ta nutse cikin soson da ke ƙarƙashin roba, katakon ma ya ɗan ba da kai. Katako mai kauri da kabon zalla ba ya ba da kai. Da ta taɓa shi ta tafi, a miƙe kamar an ja zare, ko ta ci raga ko ta tsallake tebur. Wajen karɓar sabis abin ya fi muni: ka so ajiye ta gajere kusa da raga, sai ta yi tsalle ta je wa abokin karawa daidai hannu.

Asarar maki ba ta dame ni ba kamar abin da katakon ya yi wa hannuna. Da jiki ya lura ƙwallo na wuce tebur, sai ya fara rowar bugu. Na daina juya ƙugu, na daina sauke nauyi daga ƙafar baya zuwa ta gaba, na koma taɓawa da tsintsiyar hannu cikin ɗar-ɗar. Sauya katako aikin yini ɗaya ne, amma raba hannu da wannan tsoro ya ci min shekaru.

Sai dai ban ce wauta ce zalla ba. A 2008 aka hana gam ɗin da ke ƙara wa roba gudu, a 2014 kuma aka fara komawa ƙwallon filastik mai alamar 40+, wadda ba ta ɗaukar juyi kamar ta da. Kowa ya shiga neman abin da zai cike gurbi, manyan 'yan wasa suka karkata ga kabon. Kuma gaskiya yana da daɗinsa: wurin da bugu ke fita daidai ya fi faɗi, tare hari ya fi sauƙi, daga nesa da tebur ba ka shan wahala. To amma manyan nan atisaye suke yi safe da yamma. Ni ban da lalaci me ya kai ni? So na yi kuɗi su yi min aikin ƙafa.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma yaran yanzu ba sa tsayawa su ji, shi ne kalmar kabon ba ta gaya maka komai. Dokar wasan ta ce aƙalla kashi 85 cikin ɗari na kaurin katako itace ne, kuma fallen zare, wato na kabon da makamantansa, ba zai wuce kashi 7.5 na kaurin ko milimita 0.35 ba, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ashe siririn abu ne. Inda aka shimfiɗa shi ne ke sauya halin katako.

Yawancin na masu murzawa falle bakwai ne, biyar itace, biyu zare. Idan zaren na ƙarƙashin fallen sama kai tsaye, ko a bugu mai laushi za ka ji shi, ƙwallo na fita da sauri kuma ƙasa-ƙasa. Irin ginin katakon Viscaria ke nan, wanda zakaran China Zhang Jike ya yi suna da shi. Idan kuma an tura zaren ciki, jikin fallen tsakiya, itace biyu ne ke gaban ƙwallo. A bugu mai laushi sai ka ji kamar katakon itace, sai ka zage ƙarfi kabon ya amsa. Haka aka gina katakon Hurricane Long 5, mai ɗauke da sunan Ma Long, wani zakaran na China. Zaren ma iri-iri ne. Wanda ake rubuta wa ALC an saƙa kabon da wani zare mai shanye girgiza, ya fi sauƙin hali. Wanda ake rubuta wa ZLC, saƙar kabon da wani zare daban, ya fi shi zillo. Fallen sama na itacen koto ya fi tauri, na limba ya fi riƙe ƙwallo, sai dai limba kan tsage wajen ɓare roba idan ba a shafa masa ɗan banish siriri ba.

Na yi niyyar jero maka shawarwari da yawa, amma na san iyakar haƙurinku bidiyon minti ɗaya ne. Kar ka sayi kabon. Idan ba za ka iya murza ƙwallo ashirin a jere a kan mai tare maka ba, ko ɗaga ƙwallon da aka yanko da juyin ƙasa, zauna a katakon itace mai falle biyar, mai alamar OFF-, wato wanda gudunsa bai kai na OFF+ ba, ya ishe ka.

Na san ba za ka ji ba. To, ɗauki mai zare a ciki, ALC, saman limba, kauri bai wuce milimita 6 ba, nauyi giram 85 zuwa 88. Ka sa a auna maka wanda za ka ɗauka, domin biyu masu suna ɗaya kan bambanta da giram biyar ko fiye. Kowace roba bayan yanka tana kai giram 45 zuwa 50, bat ya tashi kusan 180, kuma nauyin kan taru a kai, bayan hannu ya riƙa makara. Kar ka haɗa sabon katako da sabuwar roba mai tauri a rana ɗaya, ba za ka gane wanne ke cutarka ba. Lambar gudu da ke jikin kwali kuwa, kowane kamfani da ma'auninsa, ba a gwada ta wani da ta wani.

Mariƙi, ko mai buɗaɗɗen ƙarshe ko miƙaƙƙe, riƙe shi za ka yi ka ji, ba a zaɓensa a hoto. Da ka saya, shekara guda kar ka sake. Amma in ka riga ka sayi mai milimita 7 ɗin nan, wannan kam kar ka jira shekara, sayar da shi.