Godiya bayan ranar duba masu lotsewar ƙirji

Assalamu alaikum. A madadin likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi aikin duba yara masu lotsattsen ƙirji, muna miƙa godiya ga iyayen da suka kawo 'ya'yansu, da bayin Allah da suka ɗauki nauyin kuɗin hoton waɗanda ba su da hali. Godiya ta musamman ga samarin da suka daure suka ɗaga riga. Mun san wasunku sun daɗe suna ɓoye ƙirjinsu ko a gaban 'yan'uwansu. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Muna kuma gode wa dattawan nan masu ɗinkin takalma da suka tambaya ko sana'arsu ce ke jawo abin. Tambayar tana da tushe. Likitocin Turai na dā sun danganta lotsewar da masu wannan sana'a, saboda mai koyo kan tokare katakon takalmi a ƙasan ƙashin ƙirjinsa yana ɗinki tun ƙashin bai yi ƙwari ba. Amma ku kwantar da hankalinku, iyayenmu: mafi yawan masu lalurar da ita aka haife su. Guringuntsin da ke haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji ne ke girma ba bisa tsari ba, sai ya tura ƙashin ciki. Ana samunta a kusan haihuwa 1 cikin 300 zuwa 400, ta fi yawa a maza, kuma ramin kan ƙara zurfi lokacin balaga.

Zurfin da ido ke gani bai isa a yanke hukunci ba. A hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, ana raba faɗin ƙirji daga ciki da tazarar da ke tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya, shi ne ma'aunin Haller. Mai lafiya yana wajen 2.5, idan ya haura 3.25 an kai inda ake maganar tiyata, musamman in yaro na haki ko bugun zuciya in ya yi gudu. Dole a duba zuciya da huhu, a kuma nemi alamun karkacewar ƙashin baya da na ciwon Marfan, wani ciwon gado da ke shafar ƙashi, ido da zuciya.

Waɗanda aka tura tiyatar Nuss, ga yadda take: ana yin ƙananan yanka biyu a gefen ƙirji, a zura lanƙwasasshen ƙarfe ta ƙarƙashin ƙashin da taimakon kyamara, a juya shi ya ɗago ramin. Yakan zauna shekara 2 zuwa 3 kafin a cire. Abin da muka fi tsoro shi ne ƙarfen ya goce, kuma gaggawar komawa motsi na iya jawo hakan. Makonni shida na farko babu murɗa jiki, babu ɗaukar kaya mai nauyi, ƙwallo da kokawa kuwa sai likita ya ba da izini. Duk wanda fatarsa ke ƙaiƙayi da agogo ko kan bel na ƙarfe ya faɗa tun kafin aiki, domin a sa masa na titaniyam, wani ƙarfe da bai cika jawo ƙaiƙayi ba. Zazzaɓi, ruwa daga wurin ɗinki ko numfashi da ƙyar, a dawo asibiti nan take, ko da dare ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.