Mako na sha ɗaya: ɓawon ƙwan agwagina ya fara ƙwari

'Yan uwa masu koyon kiwon agwagi, gaisuwa daga Talatar Mafara. A watan jiya babbar agwagwata ta hau kwanci kan ƙwai goma sha huɗu, biyar suka fashe a ƙarƙashinta tun ba a ci rabin kwana 35 na kwancin ba. Ɓawon kamar takarda, ka danna da farce sai ya lotsa.

Na ɗauka ƙarancin kalsiyam ne, tunda kusan duk ɓawon ƙwai da shi ake ginawa. Na ƙona ƙashi, na daka da ɓawon katantanwa, na cuɗa a dusa. Mako uku, babu canji.

Da na kai wa wani malamin dabbobi kukana, tambayarsa ɗaya ce: "Ina suke kiwo, me kake zuba musu?" Gaskiya kullum suna cikin magudanar gonakin shinkafa na Bakolori, har ranar da aka yi feshi. Ga kuma sharar sito da na saya da araha, tsakin masara mai warin hodar ƙwari.

Shi ya ba ni labarin gwajin da aka yi a Amurka a 1969. An riƙa zuba wa agwagin ruwa DDE a abinci, wato abin da maganin ƙwari na DDT ke rikiɗewa ya zama a cikin jiki, sai ƙwansu ya fito da siririn ɓawo, ƙyanƙyasa ta ragu. Gubar tana kwanciya a kitse, ta hana mahaifar ƙwai ɗebo kalsiyam daga jini. Ko ka cika mata ciki da garin ƙashi, ba zai isa inda ake buƙatarsa ba. A 1972 Amurka ta hana feshin DDT a gonaki.

Jikina ya yi sanyi, domin mu Zamfarawa mun san wannan darasin. A 2010, kafin gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kula ba.

Na killace su a gida, ruwan rijiya da dusa mai tsafta kawai. Tsakin nan na binne shi, haka ma tsofaffin ƙwan, ban yarda yara sun ci ba. A ƙwai tara na wannan makon, biyu ne kaɗai suka lotsa.