Tsatsa daga ciki take cin mota

Motar da nake hawa tsohuwa ce, ta hannu na saya, kuma jikinta ya fi injinta cinye min lokaci. Inji in ya samu matsala zai yi ƙara, ko ya yi hayaƙi, ko wata fitila ta kama a gabanka. Ita tsatsa ba ta sallama. Halinta ɗaya da gara, sai ta gama da ciki kafin ka ga alama a waje.

Abin da na fara gani wasu 'yan ƙuraje ne a fentin ƙasan ƙofar baya. Na danna ɗaya da babban yatsa, fentin ya fashe, jan gari ya zubo. Da na bi wurin da sukudireba ina kankarewa sai ga ɓarnar ta kai faɗin tafin hannu, tsakiyarta kuma ƙarfen ya ci ya sirance har ya ɓule. Na cire marfin ƙofar na ciki na haska tocila. Laka ce ta taru a can ƙasa, jiƙe sharkaf, alhali an kwana biyu rabon da motar ta ga ruwa.

A nan na fahimci abin da yawancin masu mota ba su kula da shi ba. Robar da ke bakin gilashin ƙofa ba ta tare ruwa gaba ɗaya, kuma masu ƙera mota sun san haka. Shi ya sa suke barin 'yan ramuka a ƙasan kowace ƙofa domin ruwan da ya shiga ya fita. Nawa duk ƙura da tarkacen ganye sun toshe su. Na zura siririyar waya na buɗe na sauran ƙofofin, ɗaya daga ciki har ruwa ta tsiyayo. Irin waɗannan magudanan suna nan a ƙarƙashin gilashin gaba inda ganye ke taruwa, da dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, da rufin da ake zugewa ga motar da ke da shi.

Tsatsa abu uku take nema: ƙarfe, ruwa, da iskar oksijin. In suka haɗu suka daɗe tare, ƙarfen ya koma jan gari. Alminiyam shi ma yana haɗuwa da iska, amma fatar da yake yi tana manne masa ta kare abin da ke ƙasa. Ta baƙin ƙarfe kuwa kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta ɗaga fenti ta ɓare, ta buɗe sabon wuri. Ga shi tana riƙe danshi. Gishiri kuma yana ƙara wa abin gudu, domin ruwan gishiri ya fi sauƙin ɗaukar lantarki, ita kuwa tsatsa aikin lantarki ce a ƙanƙance. Saboda haka motar da ta zauna a bakin teku, ko wadda ta yi rayuwa a inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, kamar arewacin Amurka da Kanada, ƙasanta ne abin dubawa na farko. Kada a raina lamarin. A shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4 a Amurka, kan ƙarar da aka shigar game da tsatsar ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da bodin motocin Tacoma da Tundra da Sequoia.

Gyaran ƙofar kashi biyu ya zama. Gefen da ƙarfe ke da sauran ƙwari ni na yi da hannuna. Na fara da burushin waya, na bi da samfefa mai kaushi lamba 80 har sai da ƙarfe ya fito fari tas, na ƙara shiga cikin lafiyayyen fenti kaɗan, domin tsatsa tana rarrafe a ƙarƙashinsa nesa da inda ido ya tsaya. 'Yan ɗigon da samfefa ba ta kai ba na shafa musu maganin tsatsa, ruwan nan da ke mayar da ita baƙa ƙirin. Yana aiki, amma a kan siririyar tsatsa kawai. In ka zuba shi a kan ɓawon da bai fita ba, saman zai yi baƙi, ƙasa na nan da ransa. Daga nan na goge maiƙo, na fesa fentin shimfiɗa a ranar, don ƙarfen da aka kankare ba ya kwana tsirara, da safe za ka tarar ya fara ja. Fenti mai launi ya biyo baya, siriri siriri, ana bari kowane ya bushe.

Wurin da ya ɓule kuwa ya fi ƙarfina, na kai wa mai gyaran bodi. Ya duba ya ce, "Maigida, wannan ai fila zan sa maka, in fesa, ba wanda zai gane." Na ce, "Malam, ni dai a yanke a yi walda." Ya yi dariya ya ce aikin zai fi tsawo. Na ce na ji na gani. Fila don daidaita ɗan lotsawa aka yi ta, a kan ƙarfe mai tsafta. In aka cusa ta a rami, bayanta na buɗe, tana shan danshi daga ciki, kafin wani lokaci ƙurajen su dawo sun fi na da. A wajen aikin ma muka gano wani ya taɓa yi wa bakin tayar baya wannan dabarar kafin motar ta zo hannuna. Maganaɗisu ne ya tona asirin: ya kama ko'ina, da ya zo nan ya faɗi. Yanzu in zan raka wani sayen mota sai na tafi da ƙarami a aljihu, na naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti.

Bayan walda akwai abin da ake yawan mantawa. Motocin zamani ana lulluɓe ƙarfensu da tutiya, wadda ke fara lalacewa a madadin ƙarfen, sannan a tsoma bodin gaba ɗaya a fentin da lantarki ke manna shi har cikin lunguna. Porsche da Audi suna cikin waɗanda suka fara lulluɓe bodi duka da tutiya, Porsche a tsakiyar shekarun 1970, Audi a tsakiyar shekarun 1980, kuma shi ya sa motocin yanzu suke jurewa fiye da na da. To zafin walda yana ƙone duk wannan kariyar, har ta bayan ƙarfen inda ba a gani. Don haka na sa aka fesa man kaki mai ruwa a cikin ƙofar, irin wanda ke gangarawa ya shiga haɗin ƙarfe ya zauna.

Wasu sun ba ni shawarar in riƙa shafa tsohon baƙin mai a ƙasan motar. Ban bi ba. Yana kumbura roba, yana tara ƙura, yana ɗiga ko'ina. Haka ma baƙin kwaltan da ake fesawa a ƙasa: a kan ƙarfe mai lafiya yana da amfani, a kan tsatsa kuwa rufa-rufa ce, yana kulle danshi a ciki ya hana ka ganin abin da ke faruwa.

Wankin mota ma ya sauya a wurina. Na daina damuwa da ƙyallin sama, na koma sa ido a inda tiyo ba ya zuwa. Zura yatsa a bayan leɓen da ke zagaye da taya, za ka ciro laka dunƙule guda, kuma ita ce ke riƙe ruwa a jikin ƙarfe bayan ko'ina ya bushe. Nakan ɗaga kafet in taɓa soson da ke ƙasa, don in bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota ya toshe, a ƙafar fasinja yake juyewa. Nakan fitar da tayar safaya in duba raminta. Ƙarƙashin batir ma haka, ruwansa yana cin ƙarfe, ɗan bakin soda a ruwa yana kashe kaifinsa. Inda tsakuwa ta ɓare fenti, ko bai kai ƙwayar ido ba, nakan ɗiga masa fenti nan take. Ledar rufe mota kuwa na bar ta, sai wadda iska ke ratsawa, kuma ba na rufe motar tana jiƙe.

Salansa daga ciki take ruɓewa. Konewar fetur tana haifar da tururi, in tafiyar gajera ce bututun bai yi zafin da zai busar da shi ba, sai ruwan ya kwanta. Lokaci lokaci nakan ba ta doguwar tafiya saboda haka.

Duk lokacin da aka ɗaga motar don juyen mai, nakan shiga ƙasa da tocila in bi siraran bututun birki da ido tun daga gaba har baya, musamman inda maƙalai suka riƙe su, don a nan datti ke zama. Jan da ke fitowa a faifan birki bayan ruwan sama ba komai ba ne, taka birki kaɗan yake sharewa. Amma bututun da ya fara ɓawo ba a kankare shi, ba a fente shi, canza shi ake yi.